Yadda muka zuba darussan masu shagunanmu a SharePoint daga Tawa

Kamfanin da nake wa aiki yana sayar da irin shuka da taki da maganin ƙwari. Cibiyarsa tana Yamai, amma yawancin ciniki a nan Adar yake, daga Tawa zuwa Birnin Ƙonni, Galmi, Madawa da Buza, duk inda ake noman albasa da tumatir da tattasai. Ni ke riƙe da horar da masu tsaron shagunanmu, kuma a Tawa nake zaune.

Da can sau ɗaya a shekara ake tara su a Yamai. Tafiya ce ta sama da kilomita 500, ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso, ga kuɗin mota, ga masauki, ga abinci, shago kuma yana rufe har mai shi ya dawo. Wannan duka da sauƙi. Abin da ke hana ni sukuni shi ne wanda aka ɗauka aiki bayan an watse daga taron. Zai shafe watanni yana miƙa wa manoma guba a kan kanta, babu wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa abin da jan layin da ke gindin kwalba yake nufi. Da na kai kukana, maigidanmu ya amince a mayar da horon kan intanet, amma ya gindaya sharaɗi: "Malam, babu kuɗin sabon dandali bana. Muna biyan Microsoft 365 duk shekara, a yi da abin da ke ciki."

Abin da ke ciki shi ne SharePoint, inda ofishin Yamai ke ajiye takardun kuɗi da na kaya, kowa ya buɗe daga inda yake. Microsoft ta fitar da shi tun 2001, kuma don ajiye takardu da aiki tare a kansu aka yi shi.

Kafin in shigo cikin maganar, an riga an biya wani masani ya haɗa mana darasi a kan maganin ƙwari. Ya kawo shi a kile, wato ƴar ma'ajiyar USB da ake soka wa kwamfuta, ƙunshi guda na zip, ya ce irin SCORM ne. Darasin ya yi kyau a kwamfutarsa: hotuna suna motsi, ka taɓa kwalba ta faɗa maka abin da ke jikinta, a ƙarshe tambayoyi da maki. Na kwance ƙunshin, na zuba fayilolin a SharePoint, na danna shafin farko mai .html a wutsiya. Maimakon darasi ya buɗe, sai kwamfuta ta sauko da fayil ɗin shi kaɗai, maɓallansa ba sa kai ka ko'ina domin ya rabu da ƴan uwansa.

Na kira saurayin da ke kula da kwamfutocinmu a Yamai. Ya ce haka aka tsara wurin da gangan, saboda tsaro: ba ya barin shafin da wani ya zuba ya gudanar da umarnin da ke cikinsa. Akwai dabarar da mutane ke yi, su canza wutsiyar daga .html zuwa .aspx, amma sai mai kula da tsarin ya buɗe izini na musamman a wurin. "Yaya, zan iya buɗe maka," in ji shi, "amma ka san abin da ke ciki. Duk wanda ke da ikon zuba fayil a can zai iya zuba abin da zai yi aiki da sunan wanda ya buɗe shafin." Muka shirya ya buɗe a wani wurin gwaji da ba kowa a ciki sai mu biyu. A kwamfutarsa, da layin ofishin Yamai, darasin ya tashi lafiya lau. A wayata nan Tawa kuwa, ƙananan fayiloli ne barkatai, kowanne yana jiran layinsa, rubutun ya ƙanƙance sai ka matse ido, kuma duka da Faransanci. Na daure na kai ƙarshe, na amsa tambayoyin, na ga makina. Na ce masa ya duba ko ya gani daga can. Babu inda makin ya tafi.

A nan na fahimci yadda SCORM ke aiki. Ƙa'ida ce da wani shiri na ma'aikatar tsaron Amurka mai suna ADL ya fitar a 2000, aka yi ta 1.2 a 2001, sannan ta 2004. A cikin kowane ƙunshi akwai fayil mai suna imsmanifest.xml da ke jera abin da darasin ya ƙunsa. Da ɗalibi ya buɗe, darasin yakan nemi dandalin koyarwa ya riƙa kai masa rahoto: wane ya fara, ya tsaya a shafi kaza, ya ci maki kaza, ya gama. Dandalin ne ke rubutawa ya ajiye. SharePoint ba a yi shi don karɓar wannan rahoto ba. Rumbu ne mai kyau, zai tsare maka hatsi daga ruwa da ɓera, amma ba zai faɗa maka wanda ya ci ya ƙoshi ba.

Mun tattauna batun Moodle, dandalin koyarwa wanda Martin Dougiamas na Ostireliya ya fitar a 2002, kyauta ne, kuma yana karɓar SCORM yadda ya kamata. Sai dai manhajar ce kawai kyauta. Sai an kama masa wuri a intanet, a samu mai sabunta shi, mai ajiye kwafi, mai tashi in ya faɗi. Mutum ɗaya gare mu a wannan fanni, kuma aiki ya riga ya yi masa yawa. Muka ajiye maganar.

Shawarar da na yanke ita ce in warware darasin gaba ɗaya, in ɗauki ilimin da ke ciki, in sake gina shi da abubuwan da SharePoint ya iya da kansa: bidiyo, takarda, shafi, da tambayoyi ta Microsoft Forms. Kuma ma'aunina ɗaya ne, wayar mai shagon da ya fi kowa raunin rezo, wato layin sadarwa. Abin da bai buɗe a hannunsa ba, ko ya burge kowa a Yamai ban ɗauke shi darasi ba.

Farko wurin ajiya. Da sauƙi in zuba komai a OneDrive ɗina, wato ma'ajiyar fayil ta asusuna, in raba mahaɗa, amma wannan ɗakin sunana ke kansa. Ranar da na bar aiki aka goge asusuna, bisa tsarin da ya zo da shi kwana 30 kawai ake riƙe abin da ke ciki. Saboda haka aka buɗe wuri na musamman da sunan kamfani, mai suna Horo. SharePoint yana raba mutane gida uku: masu wuri, masu iya gyara, da masu kallo kawai. Ni da saurayin Yamai muka zama masu wuri, sauran duka masu kallo. Ban ba ko shugabannin reshe ikon gyara ba, ba don raini ba, sai don yatsa ɗaya a kan ƙaramar waya ya isa ya ja fayil daga wurinsa, mahaɗi ya mutu. In ma an goge abu, kwandon shara yana riƙe shi kwana 93, amma gara kar a kai can. Mahaɗan rabawa kuma muka taƙaita su ga ƴan kamfani, muka rufe irin wanda duk wanda ya samu zai buɗe. Sunayen fayil gajeru na sa, da lamba a gaba don su jeru, ba tare da alamar tambaya ko tauraro ko ɗigo biyu ba domin wurin ba ya karɓarsu a suna. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ yana karɓa, amma na bar su ga rubutun shafi, tun da ba kowa ke da allon rubutun Hausa a wayarsa ba in ya tashi neman fayil.

Sai maganar asusu, wadda ta fi komai cin lokaci, kuma ba wanda ya lissafa da ita. Ma'aikatan ofis ne kawai ke da adireshin kamfani. Masu shago ba su da shi, da yawansu ma ba su taɓa buɗe imel ba, duk harkarsu a WhatsApp take. In ba asusu, ba shiga, kuma Forms ba zai rubuta sunan wanda ya amsa tambaya da kansa ba. Maigida ya ja tsaki da ya ga lissafi, amma ya sa hannu aka sayi lasisi mai rahusa irin wanda aka yi wa ma'aikatan da ba sa zaman ofis.

Ba lasisin ne wahala ba, shigar farko ce. Akwai dattijon da ke riƙe mana shago kusa da kasuwar Tawa, ya fi kowa sanin manoman yankin, da muryarsu yake gane su tun kafin su leƙo. Na same shi bayan la'asar a kan benci, tsakanin buhunan taki. Wayarsa ƙaramar Itel ce, gilashin ya tsage a kusurwa, ya ɗaure bayanta da roba. Tsarin yana son kalmar sirri mai aƙalla haruffa 8, a gauraya babba da ƙarami da lamba ko alama. Ya buga a hankali, yatsansa ya fi maɓallin faɗi, kowane harafi ya koma ɗigo kafin ya tabbatar da shi. Ya shiga, sai aka ce an aiko masa lamba ta saƙo. Ya fita ya karanto lambar, ya dawo, shafin ya koma farko. Ya ajiye wayar a cinya ya dube ni.

"Malam, shekara nawa ina sai da maganin ga, yanzu waya za ta yi mini jarrabawa?"

Na ce, "Baba, ba don kai kaɗai aka yi ba. Yaran da ke zuwa bayanka ba su san abin da ka sani ba, kuma in kai ka shiga ba wanda zai ce ba ya iyawa."

Muka sake. Wannan karon na riƙe biro, ya karanto lambar daga saman allo na rubuta a bayan rasit, ya buga. Da shafin ya buɗe na ɗora masa alamarsa a fuskar wayar kusa da WhatsApp, don kar ya sake neman adireshi. Daga zaman nan na fitar da doka: ba a aika wa kowa asusu ta saƙo a ce ya shiga da kansa. Shugaban reshe zai zauna da mutum gefe da gefe har ya ga bidiyon farko ya tashi. Kalmar sirri kuma mai ita kaɗai zai sani, ko ni ba na so in ji.

Bidiyon da kanmu muka ɗauka, a ɗakin ajiyar kayanmu, da waya. Da sassafe muke yi, kafin injin wutar maƙwabta ya tashi da kafin rana ta yi zafi, domin a watan Afrilu da Mayu zafin Tawa yana wuce digiri 40, waya kan ɗau zafi ta tsaya. Da Hausa na yi bayani, Hausar da muke yi a kanta, ba ta littafi ba. Tun kafin kundin da aka fitar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ita ce harshen ciniki a duk shagunanmu na Adar, kuma ina ganin rashin adalci ne a koya wa mutum abin da zai tsare ransa da harshen da yake tsinta ɗaiɗai.

Kowane bidiyo magana ɗaya ya ɗauka, kuma bai wuce minti biyar ba. Ɗaya a kan layin launi da ke gindin takardar kwalba: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore, kuma koren ma ba ruwan sha ba ne. Ɗaya a kan lambar amincewa ta kwamitin Sahel mai tantance maganin ƙwari, wanda ke ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, da yadda za ka gane kwalbar da ta shigo ta bayan gida ba ta da ita. Ɗaya a kan kayan kariya, safar hannu da takunkumi da takalmin roba da riga mai dogon hannu. Ɗaya a kan kwanakin da ake jira tsakanin feshi da girbi. Wanda na fi ba ƙarfi shi ne na jarkar da ta ƙare: a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, a huda ta don kar wani ya zuba ruwan sha ko mai ko nono a ciki. A cikinsa na roƙi masu shago, don Allah kar su tsiyaya magani a kwalbar lemo ko a leda su sayar, komai matsin mai saye. Yaro in ya ga kwalbar lemo sha zai yi.

Waya tana iya cinye mega ɗari a minti ɗaya na ɗauka, wanda ya fi ƙarfin aljihun kowane mai shago. Na yi amfani da HandBrake, manhaja ta kyauta, na rage bidiyon zuwa 480p a tsarin MP4, sai na minti biyar ya dawo ƙasa da mega 30. Amma rage nauyi yana cin ƙananan rubutu, saboda haka duk inda ake son a karanta takardar kwalba sai da na matso da waya dab da ita, na sa yatsa a kan layin da nake magana a kai, na tsaya har mai kallo ya gani. Murya kuwa ban taɓa ta ba. Hoto in ya ɗan dushe ana haƙuri, murya in ta shaƙe an rufe bidiyo ke nan. Ɗorawa kuma da dare nake yi, lokacin da rezo ya saki.

Kowane darasi na yi masa shafi guda. Bidiyo a sama, a ƙasa layi kaɗan na abin da za a riƙe, takardar PDF mai shafi ɗaya da za a iya bugawa a manna a bangon shago, sannan tambayoyi biyar ko shida na Forms. Na saita su a kan ƴan kamfani kawai, sunan mai amsa ya shiga da kansa. Amsoshin suna taruwa a takardar Excel, daga nan nake cika jerin da ke nuna wanda ya gama da wanda ya rage. SharePoint yana nuna yawan waɗanda suka buɗe shafi, amma ban dogara da wannan ba, mutum yana iya buɗewa ya ajiye waya ya ci gaba da awon taki. Makin kuwa ni da maigida kaɗai ke gani. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka kuma kafa hukumar HAPDP don sa ido a kanta, kuma ko ba doka, ba na son a riƙa zolayar dattijo a gaban yaransa don ya faɗi tambaya biyu.

Masu sauran fili a wayarsu suka sa manhajar OneDrive, suna sauke bidiyon lokacin da suka samu rezo mai kyau, su kalla daga baya ba tare da intanet ba. Waɗanda wayarsu ta cika da wa'azi da hotunan jikoki kuma suna kallo kai tsaye a shafi.

Ba a daɗe ba na ga bidiyon jarka yana yawo a WhatsApp, wani manomi daga wajen Galmi ne ma ya turo mini shi bai san muryata ba ce. Ofishin Yamai ya so a toshe saukewa gaba ɗaya. Ban goyi baya ba. Bidiyon da ke hana a zuba ruwan sha a jarkar guba, in ya kai kowane ƙauye a Adar riba muka ci. Wanda ke da haɗari shi ne mai maganar awon magani, domin in an canza awo ko an janye wani magani daga kasuwa, tsohon bidiyo zai ci gaba da yawo ba mai iya kiransa ya dawo. Sai muka raba ɗakin gida biyu. Na kariyar lafiya a sake yake, kowa ya tura inda ya so, kuma ina faɗin wata da shekara da baki a farkon kowanne. Na awo da farashi da dokokin kamfani a shafi kaɗai ake kallonsa. In an samu canji nakan ɗora sabon fayil da sunan tsohon, mahaɗin bai canza ba, tsohon kuma yana nan cikin tarihin fayil ɗin in an buƙace shi.

Tambayoyin waya ba su isa su tabbatar mini mutum ya iya ba, kuma na san wani lokaci ɗan mai shago ne ke danna amsa. Saboda haka na ƙara mataki na ƙarshe wanda ba ya kan intanet. Shugaban reshe zai je shagon, ya miƙa wa mutum kwalba ya ce ya karanta masa launinta, ya nuna lambar amincewa, ya sa kayan kariya a gabansa, ya ɗauraye jarka ya huda. In ya yi, shugaban ya turo mini saƙo, ni kuma in rubuta a jerin cewa ya kammala. Yanzu duk wanda aka ɗauka aiki ba ya tsayawa shi kaɗai a kanta sai ya wuce wannan.

Aikin hannu yana da yawa a tsarin nan, ba na ɓoyewa. Ni ke duba Excel, ni ke kiran wanda ya makara, ni ke tuna wanda ya kamata ya sake darasi bayan shekara. Da yawan masu shagunanmu na yanzu ina iyawa. Na riga na faɗa wa maigida cewa ranar da aka ƙara rassa, ko wata hukuma ta nemi shaidar horo mai nuna lokacin da kowa ya shafe a kan darasi, dole a koma dandalin koyarwa na gaskiya, kuma bidiyon da muka tara za su shiga can yadda suke. Kafin nan akwai aikin da ya fi gaggawa: shagunan bakin kogi suna son muryar Zabarmanci, masu saye daga wajen Abalak kuma Tamajak suka fi ji. Hoton ɗaya ne, murya kawai za a sake ɗorawa, kuma ina so a gama kafin a fara dashen albasa in damina ta ɗauke.